Ni Na Kira wa Baba Umaru 'Yan Sanda

Anti Samiha, don Allah ki taimake ni da shawara. Wata biyu ke nan na kasa haɗa ido da maƙwabcina.

A garin Silver Spring nake, nan ƙasar waje, aikina kula da tsofaffi. Ɗakin da ke jikin nawa na Baba Umaru ne, dattijo ɗan Maraɗi, tsohon direban tasi, kunnensa ya yi nauyi. Shi ya nema mini aikin nan, 'yata yake ce mini. Wata Asabar bayan la'asar na dawo a gajiye, sai na ji harbi ta bango, ana ihun a kwanta ƙasa, mace na kururuwa. Na shige banɗaki na kira 911, lambar kiran 'yan sanda.

Ashe fim yake kallo, irin na 'yan sandan nan na musamman masu baƙaƙen kaya da ke fasa gidaje, ya ƙure sauti. Da na gaskiyar suka zo suna bugun ƙofa, bai ji ba. Suka ɓalle ta, suka fito da shi daga shi sai singileti da zane, hannu a sama, duk mutanen benenmu na kallo. Sun ba shi haƙuri, amma tun ranar bai sake zuwa jam'i ba.

Abin da ya fi cin raina, kowa ya ɗora wa Constance laifin kiran, wata 'yar Kamaru da ke zaune a ɗakin da ke ƙasan nasa, don ta taɓa ƙorafin ƙarar talabijin ɗinsa. Matanmu sun daina gaishe ta. A gabana aka zage ta a wajen suna, na yi shiru, har da gyaɗa kai. Jiya Baba ya aiko mini da kilishi, na kasa ci. In faɗa ne, ko in bari ya wuce?

Mai Jin Kunya, Silver Spring

'Yar'uwa, kiran da kika yi ba laifi ba ne. Kin ji harbi a ɗakin tsoho, kin ji tsoron kada a kashe shi. Da abin gaske ne, yau godiya ake miki.

Laifin yana wajen shirun. Na san abin da kike tsoro: fushin Baba da bakin mata. Za ki iya fuskantar duka biyun, amma kowace rana kika ƙara, Constance ce ke shan hukuncin abin da ba ta yi ba.

Ki fara da Baba a makon nan. Ki je da rana, ki zauna kusa yadda zai ji ki, ki faɗa masa yadda kika faɗa mini. Idan ya yi fushi, ki ba shi lokaci. Daga nan ki sauka wajen Constance ki nemi afuwa, kada ki kawo uzuri. Matan da suka zage ta kuma, ke da bakinki za ki gaya musu. Sannan ki roƙi limaminku ya kai wa Baba ziyara, ya jawo shi masallaci.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya daidaita tsakaninku.

Anti Samiha