Kafaɗar Bashir da Angarib

Daren Laraba, watan Rajab. Assaura, Umdurman.

Kafaɗar ɗana Bashir ta sake gocewa, ba kuwa a filin ƙwallon kwando na jami'a ba. Tun gocewar farko likita ya gargaɗe shi kada ya ɗaga ko butar alwala in yana son komawa wasa bana. Ya kiyaye, har na tsara baitocin da zan tarbe shi da su ranar da zai koma fili.

Yau aka yi jana'izar maƙwabcinmu. Da aka ɗauko gawar bisa angarib, gadon igiya, sai ya kutsa cikin masu ɗauka. Ya fi kowa tsawo, nauyin ya taru a kansa. Na ga fuskarsa ta sauya, amma ya ƙi a karɓe shi har bakin kabari.

Na ce, "Ya waladi, ɗana, mazan unguwa sun ƙare ne?"

Ya ce, "Baba, marigayin ne ya ɗaura mini kwandon farko a jikin darbejiyarsa. In tsaya kallo?"

Likita ya ce sai tiyata, wasa kuwa wataƙila ya ƙare ke nan. Ƙirjina ya cika ya batse kamar Kogin Nilu da damina, amma da wane baki zan tsawata wa yaron da ya ɗauki mamaci? Baitocin suna nan, babu ranar rera su.