Kuɗin Kai Gawar Yayana Gida Sun Maƙale a Shafin Caca

Anti Nafula,

Ki taimake ni. Ban san wanda zan faɗa wa ba, shi ya sa na rubuto miki, ko da zagina za ki yi.

Ni ɗan acaɓa ne a Kariobangi. Yayana Okech ya rasu yau kwana tara, gawarsa tana ɗakin ajiyar gawa na asibiti, kuma ranar Asabar za mu kai shi gida Ugunja. Dangi suka ce a riƙa turo gudummawa ta lambar wayata, wai ni ne mai karatu. Karatun me? A aji shida na bar makaranta, sauran da jaridun da ake naɗe kifi na koya. Aka tara shilin dubu arba'in da shida. Akwati da mota da kuɗin asibiti sun tasar ma dubu casa'in. Masu manyan tumbin da suka fi kowa kuka, ɗari biyu-biyu suka turo.

Ranar Lahadi na zuba dubu arba'in a shafin cacar ƙwallo. Na san abin da za ki ce. Amma Anti, na ci. Dubu ɗari da huɗu, ga su nan ina kallonsu.

Da zan zuba, ko minti ɗaya ba a yi ba. Na danna lamba, wayata ta yi ƙara, shi ke nan. Ba wanda ya tambaye ni sunan ubana. Da na zo cirewa sai suka zama masu tsoron Allah. Wai sai mai layin ya turo hotonsa riƙe da katin ɗan ƙasa kusa da fuskarsa. To layin nan Okech ne ya yi mini rajistarsa da katinsa tun ban kai shekara sha takwas ba, kamar yadda rabin 'yan unguwarmu suka yi. Asusun cacar ma da sunansa ya fito. Mutumin da suke so ya ɗauki hoto yana kwance cikin firji.

Na ce su tura ta banki, suka ce sai bankin mai sunan. Na kira su sau goma sha ɗaya, kullum wata yarinya mai muryar rediyo tana ba ni haƙuri. Na zauna na karanta sharuɗɗansu tun daga farko har ƙarshe, shafi ashirin da uku. Ɓarayin banza, komai sun rubuta. Cirewa ce suka rufe, amma in ina so in sake buga wasa da kuɗin, ƙofa a buɗe take.

Wani abokina ya ce in ba ma'aikacin ɗakin gawa ɗari biyar, a tayar da Okech zaune, a gyara masa fuska, in riƙe katin ta bayansa. Na zage shi har uwarsa. Washegari sai ga ni a ƙofar asibitin da katin a aljihu. Na daɗe a kan babur ban kashe inji ba, sannan na juya.

Matar Okech, Awino, kullum sai ta zuba mini tuwon masara da ganye, tana cewa ni kaɗai ne na tsaya mata. Ni kuwa sai in ɗan tsakura in ture kwanon. Ranar Alhamis baffanmu Ogola zai kira taro ya ce in kawo kuɗin. Ni ban ga hanya ba. Wani lokacin ina ganin gara in hau babur in nausa inda ba a san ni ba.

Ƙanin Mamaci, Kariobangi


Ɗana,

Allah ya jiƙan Okech, ya ba ku haƙuri. Ba zan zage ka ba, ka riga ka yi wa kanka.

Fushinka yana da dalili. Wanda ya karɓi kuɗinka bai tambaye ka ko kai waye ba, sai da ya zo biya ya tuna da doka, bai kyauta ba. Amma dokar kanta ba banza ba ce, don masu satar wayoyin mutane aka yi ta. Kuma ba su suka sa hannu a kuɗin makoki ba, kai ne. Cin da ka yi bai wanke wannan ba. Da wasan ya juya, yau ko abin kallo ba ka da shi.

Maganar hoton nan ka binne ta. Ba lallai ta yi aiki ba, laifi ce a gaban hukuma, kuma ba za ka sake iya tuna fuskar yayanka ba sai da ita. Kada kuma ka buga ko shilin ɗaya daga abin da ke ciki.

Ka rubuta wa kamfanin takarda, ba kiran waya ba. Ka haɗa da shaidar rasuwa, wasiƙar mai unguwa, da saƙonnin da ke nuna kuɗin da ka zuba. In sun yi shiru, ka kai ƙara hukumar da ke kula da caca. Wataƙila su biya Awino a matsayinta na matarsa, wataƙila su dawo da dubu arba'in ɗin kawai, wataƙila ba komai. Ko ma wanne ne, ba kafin Asabar ba. Ka cire ranka daga nan.

Saboda haka kada ka jira Alhamis. Kowace rana kuɗin asibiti ƙaruwa yake yi. Yau ka je wurin Awino, ita ce farko, don mijinta ne. Sannan ku tafi wurin baffanku tare. Ka faɗi adadin yadda yake, kada ka fara da labarin cin da ka yi. In babur ɗin naka ne, ka je da takardunsa a hannu ka ajiye a gabansu, a sayar ko a jinginar. Za a yi ihu, za a daɗe ba a sake ba ka ajiyar ko kuɗin gishiri ba. Amma dangin da suka san gaskiya yau Talata suna iya sake tara kuɗi ko su ɗaga ranar. Waɗanda suka ji ranar Alhamis kuma ka gudu, sai dai su bar shi a birni, hukuma ta binne shi cikin baƙi.

Ka tashi ka je, tun tana gida. Allah ya ba ka ƙarfin buɗe baki, ya kai Okech Ugunja, kana cikin masu ɗaukar akwatinsa.

Anti Nafula