Bangon da Ka Hana a Jiƙa

Malam,

Assalamu alaikum, don sallama ba ta faɗuwa ko a kan wanda ake fushi da shi. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, tunda ni na rubuta.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana. Mahaifiyarka Inna tana nan, akuyarta ta haifi biyu. Riƙe zancen akuyar, zan dawo kansa.

Shekara shida kana kwantar da ni a bayan bangon ɗakinmu a Tambuwal, kai kana ɗaya gefen da na'urarka mai hango numfashin mutum ta cikin gini, don gano wanda gini ya danne. In ja numfashi, in riƙe, in saki. Kana ta goge dishi-dishin hoton a kwamfuta har ƙirjina ya fito, layi mai hawa da sauka. Na ce maka ginin ƙasa ba ya faɗuwa da rani, da damina yake faɗuwa, a jiƙe sharkaf. Na ce mu kwara wa bangon ruwa mu gwada. Ka ce bango zai lalace, kuma me malamar Hausa ta sani a kimiyya. Ka tuna?

Ranar da muka je gaida Inna a Kebbe da damina, ɗakinta ya rufta da kai, na'urar tana cikin jakarka a zaure, kamar kullum. Maza sun fara tono. Ni na tsayar da su, Malam. Na kunna na'urar, ba komai sai hazo, da wani ɗan layi ta gabas. Na ce su koma can. Suka tono akuya, tana atishawa. Kafin su iso yamma, inda suka fara, ka cika.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Da na fita takaba na jiƙa bangon nan, ƙanwata Asabe ta kwanta a bayansa. Wata uku ina bin littattafanka, har na gane yadda jiƙaƙƙiyar ƙasa ke dagula hoto, na gyara. Sai na buɗe abin da na'urar ta ɗauka a Kebbe.

Layi biyu ne. Naka yana yamma. Yana hawa yana sauka duk tsawon lokacin da muke kan akuya.

Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, in yafe. Na yarda da ƙarar kwana. Amma wa zan yafe wa? Kai da ka hana bokiti biyu na ruwa, ko ni da na yarda da aikinka sau ɗaya tak?

Allah Ya jiƙanka, Shi ba a yi Masa gardama. Sai na zo, mu ƙarasa.

Af, bangon bai lalace ba.

Matarka,
malamar Hausa