Ƙugiyar da Na Zura a Rijiyarmu

Assalamu alaikum Anti, ke da masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada a yanke mini hukunci sai an karanta har ƙarshe.

Ni budurwa ce, bara na gama sakandare, gidanmu yana Yakasai. Yayana injiniya ne, yana ƙaro karatu a jami'a, kullum da safe sai ya fita ta Kabuga. Tun da wani yaro ya nutse a kududdufin bayan layinmu Yaya ya sa wa ransa sai ya ƙera na'urar da za ta ji faɗawar mutum cikin ruwa. Ya ce saƙon rediyo ba ya tafiya a ƙarƙashin ruwa, sauti ne yake tafiya. Sai ya haɗa akwatuna biyu. Ɗaya yana can ƙasa yana saurare, in abu ya faɗa sai ya yi ɗan kuka kamar na ɗan tsako. Ɗayan yana kusa da saman ruwa, shi ke kama kukan ya miƙa wa kwamfuta ta waya. Matsalar ita ce ruwa cike yake da hayaniya, ga kwaɗi, ga amsa-kuwwa, ga rugugin janareta. Lissafin Yaya shi ke tankaɗe wannan hayaniyar kamar gari a rariya, har kwamfuta ta bambanta dutse da ɗan mutum. Wanda ya harhaɗa akwatunan ya toshe su don kada ruwa ya shiga shi ne amininsa tun na makarantar allo. Zan kira shi Modu, ba sunansa ke nan ba. Asalinsu 'yan Barno ne, katanga ce ta raba mu, yana gyaran rediyo a unguwar Sheshe.

Da sojoji suka sauka aka yi sabon ciyaman na ƙaramar hukuma, sai ya ce zai zo ya ga gwaji da idonsa, in abin ya yi a sa a kududdufan cikin gari. Sai Yaya ya zura akwatunan a rijiyar gidanmu, ya kafa doka: in ya kunna ya fita, ba mai jefa guga sai ya dawo. Bai ce ga dalili ba. Shi dai doka kawai.

Wata rana Umma ta tafi barka, ni kaɗai ce a gida, sai ga mahaifiyar Modu da bokiti. Inna muke ce mata. Rijiyarsu ta ƙafe, famfo kuwa mun manta kamanninsa, ga 'yan gaisuwa cike da gidanta. Anti, a unguwarmu wa ya taɓa mayar da mai neman ruwa? Tsohuwar da ta goya ni zan kalla in ce mata kwamfuta ta hana? Na ce bari in ja guga ɗaya a hankali. Ina ja igiyar ta tsinke, guga ya koma. Inna ta yi dariya ta ce, "Ke da ƙarfi kamar na fara, har kin tsinka igiya?" Ta je ta kawo mini ƙugiyarsu, ƙarfen nan mai haƙora da ake lalubo guga da shi, ta koma duba tukunyarta. Na zura, na laluba, na ji ta kama, na fizgo. Guga ya taho, amma tare da wayar Yaya, haƙori ɗaya ya farke mata fata har jan ƙarfen ciki ya leƙo.

Maimakon in ajiye in jira shi, sai na yi abin da nake yi wa bokitin wanki in ya tsage. Na ɗauko garwashi, na narka baƙar leda, na ɗiga a wurin har ya rufe, na mayar da wayar. Na kai wa Inna ruwanta da ƙugiyarta. Yaya ya dawo ya duba, komai na aiki. Na ce Allah ya rufa mini asiri.

Ashe ruwa yana tsatsa a hankali. Bayan 'yan kwanaki kwamfuta ta fara hauka. Ganye ya faɗa ta buga ƙararrawa, a jefa bulo ta yi shiru. Yaya ya ɗauka lissafinsa ne ya karkace. Ya rushe aikin watanni ya sake daga farko, ya rame, in an kai masa tuwo haka za a ɗauke shi. Ciyaman ya aiko, Yaya ya ce a ɗaga ranar gwajin. Aka sake aikowa, ya sake cewa a ɗaga. Daga nan ba su ƙara aikowa ba. Ni kuwa ina wucewa ta ƙofar ɗakinsa ina jin ƙarar da kwamfutar ke yi kamar ana soya gyaɗa, na san ledata ce ke magana.

Kada ku ce ban gwada ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Yaya, anya ba wayar ba ce?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Sannu Farfesa. Ke me kika sani a waya? Je ki, Umma na kira." Wallahi na ji haushi har na ce a raina to ya ƙarata. Wannan haushin shi ne abin da ya fi ba ni kunya yanzu.

Da ya gaji ya janyo komai daga rijiya, sai ya ga liƙin. Bai tambayi kowa a gida ba. Ya naɗe wayar ya tafi Sheshe, a gaban masu karɓar gyara ya jefa ta kan teburin Modu ya ce, "Da leda ka liƙe mini aiki kamar bokitin wanki? Ka cuce ni ka yi shiru kana kallona ina haukacewa?" An ce Modu ya juya wayar ya ce, "Wallahi ba hannuna ba ne. Ni zan yi wannan ƙazantar?" Yaya ya ce, "To aljanin rijiya ne." Mutane suka yi dariya. Yanzu masu kawo gyara sun fara janyewa, har ana ce masa mai leda. Yaya kuma ya rantse in za a yi wa na'urar rajista ba sunan Modu a ciki. Mutumin da ya ƙona yatsunsa a kanta! Ko a masallaci sahu daban suke tsayawa.

Jiya Inna ta aiko in je in tsefe mata kai. Ina cikin tsifa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "'Yata, ƙugiyar nan da na ara miki, guga kaɗai ta kamo?" Tsinken tsifar ya faɗi daga hannuna. Ta ce, "Ni na roƙi ruwan, don haka ba zan kai ƙararki ba. Amma ɗana ba ya cin abinci. Bakinki nake jira." Ta miƙo mini tsinken ta ce in ƙarasa.

Anti, Yaya ba ya duka. Shiru yake yi, kuma shirunsa ba ya ƙarewa. Shi ke koya mini lissafi don in sake jarrabawa, shi ke cewa wata rana tare za mu yi aiki. In ya ji ni ce, kuma na bar shi ya tozarta amininsa a bainar jama'a, da wane ido zai ƙara kallona? In kuma na yi shiru, Modu ne zai ci gaba da ɗaukar sunan da nawa ne, kududdufin nan kuma yana nan, damina ta kusa. In fara zuwa wurin Umma? In samu Modu in roƙe shi? Ko in tare Yaya ko da zai ce in je Umma na kira?

Inna ta ce in dawo ranar Juma'a in yi mata kitso. Na san ba kitso take jira ba.

Don girman Allah, me zan yi?