Direba Ya Kashe Inji a Gangare

Romi, daren Talata, Agusta 1986

Yau na daka wa direban bas tsawa a gaban mutane. Mun taso daga masaƙa, da muka kai gangare sai ya kashe inji don kada ya sha mai. Na ce, "Kunna! Kunna, na ce!" Ya yi dariya: "Haba Baba, ai gangare ne." Na sauka, na taka har gida.

Ban gaya wa matata dalili ba. Shekara tara ke nan, a Ikko, ni da abokina Bitrus muna tuƙa wa wani Bature ƙaramin jirgin ruwansa mai tafiya da iska, mai ɗan inji a baya. Doka ce, in za ka bi mashigar tasha, inda manyan jirage ke kai da komo, injinka ya zauna a kunne. Ni na kashe, wai iska ta isa. Iskar ta tsaya cak. Ga jirgin kaya ya taho, shi kuwa ba shi da birki. Sau huɗu ina jan igiyar injin, Bitrus yana ta cewa, "Ja, Danjuma, ja!"

Ni kaɗai aka tsamo. Ko yanzu da nake rubutun nan, hannuna jan igiyar nan yake yi.