Ɗigon Jan Farce a Jikin Amfilifayarka

Zuwa ga maigidana, Baban Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa muna nan lafiya, ni da yara. Gidanmu na Kubwa yana nan yadda ka bar shi, har rufin kicin ɗin da ka yi ta cewa za ka gyara bayan damina bai fasa zuba ba. A shafin da nake tallan turare da jan baki nake rubuta maka wannan takarda, don haka ka san akwai masu leƙe ta bayan kafaɗata. Ban damu ba. Kai ma a gaban jama'a ka yi rayuwarka, da jita rataye a wuya.

Dalilin rubutun shi ne Ummi. An sa ranar aurenta bayan babbar Sallah, yaron kirki ne, da ka so shi. Muna cikin lissafin shagali na ce mata sai a kira abokan kiɗanka su yi wasa ranar walima. Ta ce ita ba ta son jin ƙarar jita a bikinta. Ta ƙara da cewa in sayar da amfilifayar nan, akwatin ƙara sautin jitarka, a samu wurin ajiye kayan ɗaki, don a ganinta akwatin ya fi ta samun kunnenka. Ba da tsawa ta faɗa ba, ka san ta. A hankali ta faɗa, kanta a ƙasa, shi ya sa ma ya fi yi mini ciwo.

Amfilifayar tana nan a kusurwar falo, na lulluɓe ta da tsohon zanena. Tun ranar da hawan jini ya kayar da kai ban bar kowa ya taɓa maɓallan murɗawar nan da ke jere a goshinta ba. Ko ƙura ma da gashin kaza nake kaɗe ta, don kada tsumma ya gusar da ɗaya daga inda yatsunka suka bar shi. Mutane suna ajiye hula ko carbi. Ni abin da na ajiye ke nan.

Kana tuna lokacin da ka koya mini sunayensu, muna amarci a ɗaki ɗaya a Durumi? Na ce ni ban gane wannan Turancin ba, sai ka mayar da shi girki. Ka ce, “Bes shi ne tuwo, nauyin sauti. Midil miya ce, a nan ɗanɗanon yake. Tirebul kuwa gishiri ne, shi ke ba da kaifi, in ya yi yawa abinci ba ya ciwuwa.” Geyin ka ce yaji ne, mai sa muryar jita ta yi gurnani, ba kowace waƙa ke son sa ba. Na ƙarshen, wanda ke sa sauti ya yi amsa-kuwwa kamar ana kiɗa a cikin rijiya, ka ce man shanu ne, ɗan kaɗan a sama. Na ce to ashe kai ma kuku ne, sai dai girkinka ba ya ƙosar da kowa. Ka yi dariya har ka ƙware.

A shekarar ce ka fara satar mini jan farce. Kullum aka loda kaya a bas zuwa wurin biki, sai maɓallan su gogu da jikin ganguna su juya, ka isa ka tarar da girkinka ya lalace. Sai ka ɗauki kwalba ɗaya cikin kayan sayarwata, ja wur, ka ɗiga ɗan ɗigo a gefen kowane maɓalli, daidai inda kake so ya tsaya. Daga nan kome duhun wuri, kome hanzari, sai dai ka mayar da kowanne kan ɗigonsa. Na yi ta mita a kan kwalbar nan, kuma ba ita ce ta ƙarshe da ta ɓata daga shagona ba.

Makon jiya Danjuma, abokin kiɗanka, ya zo daga Paikon Kore da buhun doya, gudummawar biki. Tun bayanka ya koma gona, sai ranar Lahadi yake taɓa jita a cocinsu. Na roƙe shi ya kunna amfilifayar, ko Ummi za ta ji sautin mahaifinta zuciyarta ta yi laushi. Na kafa masa sharaɗi: bolum kaɗai zai taɓa, tunda shi dama kullum a ƙasa kake barinsa in za ka kashe.

Ya bi ƙa'idarka tsaf, kamar kana tsaye a kansa. Ya fara haɗa ta da sitabilaiza saboda wutar nan tamu mai hawa da sauka. Ya tabbatar bolum yana ƙasa kafin ya soka wayar jita. Ya kunna, ya bar ta ta ɗumama har ƙwayayen cikinta suka yi ja, yana maimaita maganarka cewa ba a tayar da mai barci a ce ya yi gudu. Sannan ya ɗaga bolum a hankali, ya taɓa tsirkiya.

Baban Ummi, abin da ya fito ba sautinka ba ne. Wani kaifi ne mai soka kunne, kamar ana kankare ƙanzon tukunya da cokali. Haƙorana suka mutu. Ummi da ke kicin ta turo ƙofa ta rufe. Ni kuwa na hau Danjuma da faɗa, na ce fartanya ta kashe masa yatsu.

Bai yi fushi ba. Ya ajiye jitar, ya ce, “Madam, ka zo ka gani da idonka.” Ka san Hausarsa, ni da kai duk “ka” ne. Na durƙusa, ya haska mini fitilar waya. Shekara da shekaru ina kaɗe ƙurar wurin nan, ban taɓa tsayawa na duba da kyau ba. Bes ɗigo ɗaya gare shi, jan nan na Durumi. Midil ma ɗaya. Amma tirebul, ɗigo ne jere suna zagaye shi, kowanne gaba da na bayansa, kowanne da launinsa, har sun kai ƙarshen inda maɓallin ke iya juyawa. A can ka bar shi.

Ba wanda zai karanta launukan nan kamar ni, don daga shagona suka fito. Jan na amarcinmu ne. Ruwan ƙasan na lokacin da muka dawo Kubwa ne, ina goyon Sadiq. Shuɗin nan mai ƙyalli an yi yayinsa shekarar da Ummi ta shiga sakandare. Na ƙarshe ruwan hoda ne, kuma ba nawa ba ne. Na Ummi ne, wanda ta yi ta nema har ta ɗora wa ƙaninta laifi.

Danjuma ya ce, “Oga ba ya jin sama-sama ɗin sound, ya daɗe. Shi ya sa yana ƙara, yana ƙara. A wurin show ni ne ina rage kaifin a mixer kafin ta kai wurin mutane.” Ya tuna mini yadda kake ɗora amfilifayar a kan kujera daidai kunnenka na hagu, don ka ji kanka a cikin ƙarar ganguna, tun kuna samari. Ya ce siririn sauti ne ke fara tafiya, kaurin ya rage. Na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa mini ba. Ya ce, “Ya sa na yi rantsuwa. Ya ce in Madam ya sani, zai hana shi play.”

Gaskiya ka faɗa, da na hana ka. Da na ɓoye wayar jitar a ƙarƙashin katifa, da na ja ka asibiti ko kana so ko ba ka so. Ka san matarka. Amma ina jin haushinka, kuma zan faɗa ko da mutane na karantawa: ba ka kyauta ba. Mai girkin da harshensa ya daina jin gishiri, ai sai ya kira wani ya ɗanɗana masa. Kai sai ka yi ta zubawa kai kaɗai.

Tun ranar abubuwa suke ta dawo mini. Wata rana bayan magariba muna zaune a tsakar gida, ka ce gine-gine sun kori gyare daga Kubwa, ba ka ƙara jin kukansu ba. A daidai lokacin kuwa kukansu ya cika unguwa. Na ɗauka barkwancinka ne, na yi dariya, kai ma ka taya ni.

Butar shayi ta yi ta fito a kan wuta kana kusa da ita ba ka tashi ba, na kira ka malalaci. Wayarka ta yi ta ƙara a aljihu, na ce kana gudun masu neman ka ne. Ni kuwa ba ka taɓa rasa jina ba, don Allah ya hore mini murya irin ta 'yan kasuwa, kuma in ina magana ido cikin ido nake yi. Ashe bakina kake karantawa. Ni a zatona kallon so ne, har ina yi wa ƙawayena alfahari.

Ummi ce abin ya faɗa wa. Ni na yi mata tarbiyya, kuma ina taƙama da ita: in za ki yi magana da mahaifinki ki durƙusa, ki sunkuyar da kai, ki sassauta murya. Ta bi sau da ƙafa. Ga ta dama da siririyar murya. Wato duk ranar da ta fi ladabi, ranar ce ka fi rashin jinta. Ba ka ganin laɓɓanta, ba ka jin sautinta, sai ka ce mata abin nan da ka saba faɗa wa kowa, “To madalla, Allah ya yi albarka,” ka ci gaba da goge tsirkiya.

Abin da ban sani ba sai ranar, bayan Danjuma ya fita ya zauna a waje don ya ba mu wuri mu yi salla, na kira ta na nuna mata ɗigon. Ta daɗe tana kallon ruwan hodar nan. Sannan ta ba ni labari. Tana aji uku a sakandare ta zo ta durƙusa a gefenka na hagu, ta ce tana so ka koya mata jita. Ta yi mako tana tara ƙarfin halin faɗa. Ka ce to madalla, Allah ya yi albarka, ka tashi ka fita. Ta jira ka kira ta, ba ka kira ba. Ta ɗauka ka ga ba ta isa ba ne, ko don ita mace ce. Ba ta sake tambaya ba, kuma ba ta faɗa wa kowa ba. A wajen ɓoye ciwo, kai ta gado.

Ka tuna yadda kake cewa cikin 'ya'yanka ba wanda ya damu da sana'arka? Ka faɗa mini da murmushi, amma na san yana cin ka. Kuna gida ɗaya, kowa na son abin da ɗayan ke so, tsakaninku bai fi taku biyu ba. Wannan ne abin da ke hana ni barci. An ce da na sani ƙeya ce, a baya take, to tawa ta yi nauyi.

Na kira Danjuma ya dawo ciki. Na ce masa na janye sharaɗina, ya murɗa abin da ya kamata a murɗa. Ya miƙa hannu, sai Ummi ta ce, “Baba Danjuma, bari ni.” Ta tsuguna a gaban akwatin da ta ce in sayar, ta kama tirebul da yatsu biyu. Ta sauko da shi daga ruwan hodarta, ta wuce shuɗi, ta wuce ruwan ƙasa, ta tsaya a kan ja. Ina kallo aka gusar da abu na ƙarshe da hannunka ya ajiye a gidan nan. Na zaci zan ji kamar an sake yi mini rasuwa. Ban ji haka ba.

Danjuma ya taɓa tsirkiya, sai ga ka. Sautin nan mai ɗumi, mai kauri, da ɗan kaifi kaɗan a bakinsa, wanda na fara ji a wani biki a Durumi har na manta da tiren kayan da na je sayarwa. Ummi ta ce da shi take barci tana ƙarama, ta ɗauka ma mafarkinsa ta yi. Mun yi kuka mu uku, Danjuma yana kiɗa yana share hanci da kafaɗa.

Da ya gama, ta juya gare shi. Na ga kanta zai sunkuya kamar yadda na koya mata, sai ta ɗago, ta dube shi sosai, ta ce da murya a buɗe, “Ina so ka koya mini.” Ya ce ranar Asabar zai riƙa zuwa in an gama aikin gona.

Don haka ina neman izininka, ko da yake na riga na yanke hukunci, kamar yadda na saba. Amfilifayar za ta bi Ummi cikin kayan ɗakinta, tare da gado da kwanuka. Dangin miji za su yi magana, na shirya musu amsa. Na gargaɗe ta kada ta ɗora ta a kan kujera kusa da kunne, kuma na sa ta yi mini alkawari duk ranar da ta ga hannunta na son wuce jan ɗigon nan, ta faɗa wa wani kafin ta murɗa. Ɗigon dai ba za a goge ko ɗaya ba.

Ka yafe mini malalacin da na kira ka ranar butar shayi. Ni ma na yafe maka kwalaben jan farcena, har da shirun da ka yi, ko da yake wannan sai da na yi da gaske.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka. Ya saka maka da gidan da aka ce a cikinsa akwai abin da kunne bai taɓa ji ba, ya kuma buɗe naka ka ji shi duka. In ya tara mu a can, 'yarka tana da tambayar da za ta sake yi maka, kuma wannan karon za ta ɗaga kai.

Taka har kullum,
Maman Ummi, Kubwa