Gurbin 'Yar Wanzam

Asabar, 4 ga Rajab 1446

Yau Nadiya ta manna wata takarda a bangon iyada, wato ƙaramin asibitinta, saitin inda nake cire takalmi. Ta sabuwar ƙungiyarsu ce, ta masu allurar Sin da masu ƙaho. Hotunan shugabanni reras, kowa da tarihin aikinsa a ƙarƙashi. Larabcin takarda ba ya shiga idona da sauri, sai na sa ta karanta min da Hausar nan tata mai ɗingishi.

Shugaba Dakta Mish'al, likitan ƙashi, ya yi shekara biyar a ƙasar Sin. Mataimakinsa Ayman, da mai haɗa magani ne, ya koma saiwoyi, shi ma ya je can ya dawo da kwali biyu. Akwai wani mai tausar 'yan ƙwallo, ban riƙe sunansa ba. Sai ita Nadiya, sakatariya: nas, sannan shekara huɗu tana koyon tsira wa bayin Allah allura. Wallahi na ji daɗi. Ni na goya yarinyar nan a Tandabawi lokacin da uwarta ke kwance, yau ga ta da iyadarta a Jarwal, duk a nan Makka, ni ce ma ke ci a ƙarƙashinta.

Gurbi ɗaya ba hoto, na shugabar sashen ƙahon mata. Na tambaya na wa ne, ta ce ba a naɗa ba tukuna. Ta yi saurin shigewa ɗakinta.

Litinin, 6 ga Rajab

Ashe da magana a ƙasa. Ta kira ni bayan azahar, ta rufe ƙofa. Duk iyadar da ta shiga ƙungiya, daga farkon Sha'aban sai an kai sunan kowane hannu da ke taɓa marar lafiya, da tarihinsa. Wanda sunansa bai shiga ba, ba shi ba taɓa kowa.

Ta san ba ni da ikama, takardar izinin zama. Ta san ba ni da shahadar koyon aiki ko ta yankan farce. Amma wai akwai maganar da ake yi a kan masu gado, waɗanda suka daɗe a sana'a, ƙila a duba su. "Inna, ki rubuto min tarihinki, mu gwada." Haka kawai ta ce.

Idan aka raba ni da ƙaho, me ya rage? Ban iya komai ba bayan shi.

Laraba, 8 ga Rajab

Kwana biyu ina fama da takarda ɗaya. Na yaga uku.

Asabar, 11 ga Rajab

Na gama. Na kwafe a nan don kar ya ɓace:

Ni ce Kabira 'yar Wanzam Ɗan'auta, ɗan Wanzam Ilu, ɗan Magajin Aska Tanimu na ƙasar Katsina. Na fara riƙe wa mahaifina zabira ina shekara tara. Na zo Makka tare da shi hajjin 1412, ya rasu bayan saukowa daga Arfa da wata biyu, aka rufe shi a nan. Daga ranar ban daina ƙaho a garin nan ba. Shekara goma sha tara gida-gida a Tandabawi, shekara shida a masaukin alhazai, shekara tara a iyadar Dakta Nadiya. Ban taɓa sa wa mace aska ta kwana da kumburi ba, Allah shaida ne.

Na karanta shi ya fi sau goma. Su da garuruwan Sin, ni da kakanni uku. A raina na ce to, a ɗora a sikeli mu gani. Har na tambayi maƙwabciyata inda ake ɗaukar hoto mai kyau. Kai, Kabira, da girmanki!

Lahadi, 12 ga Rajab

Na miƙa mata da safe. Tana karantawa ina kallon fuskarta tana sauyawa. Da ta kai ƙarshe sai ta ninke takardar huɗu, ta tura cikin aljihun rigarta, kamar wadda ta tsinci abin sata.

Ta tambaye ni ko wani ya gani. Na ce a'a. Sannan ta yi min bayani a hankali, irin yadda ake yi wa yaro. Duk shekarar da na lissafa don a yaba min, shekara ce da na zauna ba takarda. Na rubuta da hannuna cewa shekara talatin da huɗu ina nan ba izini, na faɗi unguwannin, na kuma sa sunan iyadarta da shekaru tara a kai. Idan takardar nan ta faɗa hannun da bai dace ba, ni tarhil, a tasa ƙeyata zuwa gida, ita a rufe mata wuri.

Ni dai abin da na sani, ɗan wanzam in an tambaye shi waye shi, ubansa yake faɗa da inda ya yi aiki. Haka aka koya min. Ashe baki shi ke yanka wuya, alƙalami ma haka.

Kunya ta hana ni cin abincin rana.

Laraba, 15 ga Rajab

Ta ce za ta yi wa shugaban magana da baki, ba takarda. Ban sa rai ba. Ƙarya nake, na sa.

Lahadi, 19 ga Rajab

Ranar ƙaho, iyada ta cika. Sha bakwai, ɗayar ranar da ake son yin ƙaho, ta faɗo Juma'a, shi ya sa kowa ya taru yau. Mata goma sha huɗu na yi wa.

Hajiya Saudatu ta zo, tsohuwar nan da nake yi wa tun muna Tandabawi. Fatarta ta zama sai a hankali, in ka danna aska yadda ake danna wa mai jini a jika, ka yi ɓarna. Na shafa bayanta da tafin hannu kamar kullum har na ji inda ya yi sanyi ya ɗaure, can na kafa kofin ƙaho. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce in dai ina raye ba ta yarda wani hannu ya hau bayanta. Na ce Allah ya bar mu tare. Ban gaya mata komai ba.

Laraba, 22 ga Rajab

Amsa ta zo. Dakta Mish'al mutumin kirki ne, in ji Nadiya, har ya ce ya ji labarina a bakin mata. Amma maganar masu gado ta 'yan ƙasa ce da masu ikama. Wanda ba shi da lambar ikama, ba inda za a rubuta shi. Ayman yana zaune a wurin, bai goyi bayana ba. Uwarsa sau nawa na je har gida na yi mata ƙaho, tun kafin ya san hanyar filin jirgi. Ba na ganin laifinsa, me zai ce? Amma na ji zafi, kuma har yanzu ina ji.

An ba wata Afnan gurbin. Nas ce, ta yi kwas ɗin ƙaho na wata uku. Ita ce kuma za ta karɓi ɗakina.

Wata uku.

Alhamis, 23 ga Rajab

Nadiya ta ce ba za ta sallame ni ba har abada. In zauna a kan shayi da gyaran gadaje. Sannan ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta fito da shi: in nuna wa Afnan yadda nake gane wuri da hannu.

Na ce mata a'a, ko numfashi ban ja ba. Wannan gado ne, ba a ba bare. Ni kaina Baba bai so ba ni ba don ina mace, sai da ya ga ba ɗa namiji a kusa. Ya kama hannuna ya ɗora a bayan mutane shekara da shekaru, bai taɓa faɗa min da baki ba, ya ce in ba jinina kaɗai. Jinin nawa kuwa ɗana Marwan ne, direban da in an yanka kaza sai ya bar tsakar gida. Shi ke nan, da ni za a rufe shi.

Sun ce ban isa a rubuta ni ba, amma abin da ke hannuna ya isa a ɗauka. Nadiya ta yi ƙwalla. Ban lallashe ta ba.

Alhamis, 30 ga Rajab

Na yi wa mace ta ƙarshe, wata 'yar Indunusiya mai ciwon kafaɗa. Ba ta san ita ce ta ƙarshe ba. Na wanke hannu na daɗe a bakin famfo.

Lahadi, 3 ga Sha'aban

Shayi. Zanin gado. Shayi.

Alhamis, 7 ga Sha'aban

An sa hoton Afnan a bango. Gaskiya yarinyar ba ta da rashin kunya. Doguwa, shekara talatin da wani abu, kakarta Bazazzagiya ce amma ita Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Tana ce min Hala, wato inna da Larabci, tana miƙewa in na shigo. Na fi son a ce marar mutunci ce, da na samu abin riƙewa.

Tana da hoton bayan mutum manne a ɗakin, an ɗiga masa jajayen ɗigo. Kowa ya zo, inda ɗigon yake nan take kafawa, mai ƙiba da ramamme duk ɗaya. Tsabta kam ta fi ni, ba zan ɓoye ba. Ina wucewa da tire ina kawar da kai.

Talata, 12 ga Sha'aban

Hannuwana sun fara tsami da safe. Lokacin da nake aiki ba sa yi.

Wata tsohuwar mai zuwa wurina ta tare ni a bakin ƙofa, wai in zo gida in yi mata a ɓoye. Na ƙi. In wani abu ya faru sunan Nadiya za a fara kira, kowa ya san inda nake. Na rasa ɗakin, na rasa gidajen.

Lahadi, 17 ga Sha'aban

Hajiya Saudatu ta zo. Da aka gaya mata ba ni ba ce, ta ɗauki jakarta za ta tafi. Ni na roƙe ta ta zauna, don bayan ya hana ta sujada kwana uku. Na ce yarinyar ta iya. Allah ya yafe min.

Ina bayan labule ina ninke zannuwa, na ji tsohuwa ta ce wash, irin wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Sai na ji na biyu. Ban san lokacin da na shiga ba. Afnan na tsaye da aska, ta kafa kofi a kan ƙashi tsantsa don nan ɗigon ya nuna. Ta dube ni, ta ce "Hala," ba ta ƙara ba.

Ban taɓa marar lafiya ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Hannun Afnan na kama. Na sa ta ajiye askar, na buɗe tafinta na ɗora a bayan Hajiya, nawa a kan nata, muka gangara a hankali. Sau biyu muka wuce wurin ba ta ji ba. A na uku hannunta ya tsaya da kansa kafin in tsayar da shi.

Ban koya mata komai ba, ko kalma ɗaya ba ta fita bakina ba. Tausayin tsohuwa ne kawai. Baba ma ya san ba a barin mutum cikin ciwo.

Sunana ba zai hau bangon nan ba, na sani. Jibi sha tara, mata za su cika. Afnan ta tambaya ko zan riƙa ninke zannuwan a cikin ɗakin maimakon bayan labule. Na ce duk inda aka ce in ninke, nan zan ninke.